Layin Dogon da Na Gina Bayan Na Ajiye Sana'a

Sana'ar haɗa wutar lantarki a gine-gine ita ce na yi ƙuruciyata da girmana a cikinta, da ita na rufa wa kaina asiri, da ita kuma na ɗauki nauyin iyalina har 'ya'ya suka girma kowa ya kama gabansa. Abin da nake son ba da labarinsa a nan shi ne aikin da na kama bayan ƙarfi ya fara ja da baya na daina hawa tsani, wato gina ƙaramin samfurin layin dogo mai tashoshi da mararrabai, wanda jiragen ƙasa 'yan ƙanana suke tafiya a kansa, kowanne ana sarrafa shi shi kaɗai ta hanyar umarnin dijital. Mutane da yawa idan suka ji haka sukan ɗauka wasan yara ne. Ni kuwa na same shi cikakken aiki wanda ya haɗa lissafi da kafinta da lantarki, kuma shi ne ya cike gurbin da barin sana'a ya buɗe mini, a lokacin da zaman kashe wando ya fara damuna har iyalina suka lura da canji a fuskata.

Sha'awar jirgin ƙasa ta daɗe a raina, amma na fara taɓa samfurinsa ne a lokacin da na sayo wa babban ɗana ɗan ƙaramin jirgi mai kewaya da'ira ɗaya, yana yaro. Irin tsohon tsarin nan ne da ake tura wuta mai bin hanya ɗaya cikin ƙarafunan dogo guda biyu: idan aka ƙara ƙarfin wutar jirgi ya yi gudu, idan aka rage ya lafa, idan aka juya fuskar wutar ya koma da baya. Tun a wancan lokaci idon sana'a ya nuna mini iyakar wannan tsari, domin dogon ne mutum yake sarrafawa, jirgin kuwa yana bin duk abin da aka yi wa dogon. Da za a ɗora jirage biyu a layi ɗaya, tare za su tashi tare za su tsaya, sai dai idan an yayyanka layin zuwa yankuna, kowane yanki da makunninsa, mutum ya riƙa kunnawa yana kashewa a gaban jirgi duk inda ya nufa. Yaron ya girma ya bar jirgin a cikin akwati, ni kuma na ajiye akwatin a saman kabad shekara da shekaru, ban yarda an kyautar da shi ba.

Bayan auta ya bar gida, ɗakin da yaran suke kwana ya zama fanko. Na daɗe ina shiga ina auna bangwayensa da ido kafin in yi wa uwargidana maganar. Da na gama bayani ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, in dai wannan ne zai sa ka daina zagaya tsakar gida kamar mai neman abin da ya ɓata, ɗakin naka ne. Amma ka bar mini hanyar buɗe taga." Wannan sharaɗi nata shi ne layi na farko da na ja a takardar zane, kuma ya amfane ni, domin duk mai aiki da narkakkiyar dalma da gam yana bukatar iska ta riƙa ratsa ɗaki.

Ban sayi katako ko ɗaya ba sai da na amsa wa kaina wata tambaya wadda nake ganin ita ce tushen komai: wane aiki wannan layin dogo yake yi? Jirgin da yake kewaya da'ira ba ya zuwa ko'ina, kuma ido yana gajiya da shi cikin ɗan lokaci. Jirgin gaske yana tasowa daga wani wuri, ya ajiye taragu a wata masana'anta, ya ɗauki waɗanda aka sauke wa kaya, ya jira wani jirgin ya wuce a inda layi ya rabu biyu, sannan ya ci gaba. Na yanke shawarar in gina ƙaramar tasha a kan layi guda, mai wurin kaucewa ɗaya, da rumbun ajiye kaya, da wurin lodin tsakuwa, da gajeren layi na gyaran kan jirgi. A bayan bangon ado kuma na tsara ɓoyayyun layuka inda jirage suke fakewa, su tsaya a matsayin sauran duniyar da ba a gani. Daga can jirgi yake fitowa kamar ya taso daga nesa, can kuma yake komawa idan ya gama aikinsa. A ganina wannan ɓoyayyen fili ya fi kowane gini mai kyau muhimmanci, kuma shi ne wanda sababbin shiga suka fi mantawa da shi a zanensu.

Sai batun ma'auni. Na zaɓi wanda ake kira HO, inda komai yake kashi ɗaya cikin 87 na girmansa na gaske. Tazarar ƙarafunan dogon da aka fi amfani da shi a duniya milimita 1435 ce, idan aka raba ta da 87 sai a sami milimita 16.5, kuma ita ce tazarar ƙarafunan wannan samfuri. Akwai ma'aunin N, kashi ɗaya cikin 160, mai tazarar milimita 9, wanda zai ba ni damar cusa layi mai tsawo a ɗakin, akwai ma Z da kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, kashi ɗaya cikin 220. Amma na dubi idanuna da yatsuna, na kuma yi tunanin yadda za su kasance nan da wasu shekaru, sai na tsaya a kan girman da zan iya buɗe cikinsa in yi aiki ba tare da wahala ba. Da irin wannan tunani na yanke faɗin teburin: bai wuce santimita 60 ba a mafi yawan wurare, domin duk inda hannu ba ya kaiwa, a can ne tarago zai sauka daga dogo. Teburin ya bi bango ya zagaya ɗakin, na bar fili a tsakiya wanda mutum biyu za su iya giftawa, na kuma ɗaga shi zuwa kusan ƙirji, saboda a riƙa kallon jirgi daga gefe yadda ake ganinsa a zahiri, kuma in sami sararin zama a kan 'yar kujera idan ina aiki a ƙarƙashi.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kafin zarto ya taɓa katako sai da na shimfiɗa manyan takardu a ƙasa na zana layin da ainihin girmansa, na jera taragun da na mallaka a kai. Zanen da ke ƙaramar takarda yana da daɗin baki, yana nuna wa mutum cewa komai zai shiga, amma takardar da ke ƙasa ba ta ɓoye komai. Taragon fasinja mai tsawon mita 26 da ɗoriya yana zama kusan santimita 30 a ma'aunin HO, saboda haka kan jirgi da taragu biyar suna neman cin mita biyu, kuma dole wurin kaucewa ya fi jirgin da ya fi kowanne tsawo, in ba haka ba wutsiyarsa za ta tare hanya. Kwanonin da ake sayarwa a akwatin masu farawa sukan matse ƙwarai, rabin faɗin da'irarsu kimanin santimita 46, kuma dogon tarago idan ya shiga irin wannan kwana sai cikinsa ya rataya waje, abin ba kyan gani. Na ɗaure wa kaina cewa a inda ido yake gani ba zan yi ƙasa da santimita 60 ba, ko da hakan zai sa in haƙura da wani layi da nake so. Hawa ma na ƙayyade shi a kashi biyu cikin ɗari, wato santimita biyu a kowace mita, kuma da na lissafa cewa kafin layi ya haye bisa wani layin yana bukatar tashi kimanin santimita tara, wanda ke nufin fiye da mita huɗu na hawa da wasu huɗu na sauka, sai na soke gadar da na yi mafarkinta na bar layin a shimfiɗe. Har yau ina ganin daidai na yi.

Game da sarrafawa ban yi dogon kai-komo ba, tsarin DCC na zaɓa, wato tsarin sarrafa kowane jirgi shi kaɗai da umarnin dijital. Asalinsa daga aikin wani Bajamushe ne mai suna Bernd Lenz da kamfaninsa a ƙarshen shekarun 1980, sannan ƙungiyar masu samfurin layin dogo ta Amurka, NMRA, wadda aka kafa a 1935, ta ɗauke shi ta mayar da shi ƙa'idar kowa da kowa a farkon shekarun 1990. Wannan shi ne abin da ya fi jan hankalina, domin yana nufin na'urar da ke cikin jirgi daga kamfani ɗaya za ta ji umarnin uwar na'ura, wato babbar na'urar da take tura wuta da umarni kan dogo, ko da ta wani kamfanin ce, kuma wanda ya yi sana'a irin tawa ya san baƙin cikin kayan da ba sa shiga da juna.

Yadda abin yake aiki ya burge ni tun ranar da na fahimce shi, har yanzu kuma bai daina ba. Wuta tana kan dogo a kowane lokaci, kimanin bolt 14 zuwa 16 a ma'aunin HO, ko jirgi yana tafiya ko yana tsaye. Wutar tana juya fuska sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma a cikin tsawon kowane juyi ne aka ɓoye saƙo. Idan rabin juyin ya ɗauki kashi 58 cikin miliyan na daƙiƙa, lamba ɗaya ke nan. Idan ya kai kashi 100 ko ya wuce, sifili ke nan. Da waɗannan ɗaya da sifili uwar na'ura take harhaɗa umarni, ta fara da adireshin jirgi, ta bi da abin da ake so ya yi, ta rufe da wata lamba ta tantancewa wadda take nuna ko saƙon ya iso lafiya. A cikin kowane kan jirgi akwai wata 'yar na'ura, dikoda, wadda take shan wutarta daga dogon, tana kuma sauraron duk abin da yake wucewa. Abin kamar malami ne a cikin aji: kowa yana jin muryarsa, amma wanda aka kira sunansa ne kaɗai yake miƙewa. Wayoyi biyu ne suke ɗauke da ƙarfi da magana gaba ɗaya, kuma ta haka mutum yake komawa direban jirgi na sosai.

Aikin kafinta bai ba ni wahala ba. Na haɗa firam da busasshen katako, na ɗora filawud a sama, na yi shi gunduwa-gunduwa da noti yadda za a iya kwancewa idan bukata ta taso, na huda ramukan wucewar waya tun kafin in ɗora saman. Shimfiɗa dogo ne ya nemi natsuwa, musamman a mahaɗar yanki da yanki cikin kwana, inda ɗan karkacewar da ido ba ya gani yake isa ya kayar da tarago. Nakan kwantar da kumatuna a kan teburin in hango layin daga ƙarshensa, in bi da magagari a goge duk wani kaifi, sannan in tura tarago mafi sauƙin nauyi da baya ta wurin, domin shi ne yake fara tona asirin aikin da bai yi kyau ba.

Inda na fi daɗewa, kuma inda nake so mai karatu ya fi tsayawa, shi ne ƙarƙashin teburin. Ana yawan cewa DCC waya biyu kawai yake bukata, kuma maganar gaskiya ce ta fuskar ƙa'ida, amma tana ruɗar mutane. Ƙarfen dogon samfuri gauraye ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda ba ya yin tsatsar da take hana wuta wucewa da sauri, sai dai bai kai jan ƙarfe zalla iya ɗaukar wuta ba, 'yan mahaɗan da ake zura wa bakin yanki da yanki kuma suna saki da tafiyar lokaci. A tsohon tsari sakamakon haka shi ne jirgi ya rage gudu a nesa. A tsarin dijital kuwa abin ya fi haka haɗari, domin uwar na'ura tana iya tura amfiya uku ko biyar, kuma tana dogara ne da ganin wuta ta yi tsalle kwatsam kafin ta gane cewa ƙarafuna biyu sun haɗe ta yanke. Idan wayoyin sirara ne ko mahaɗan sun saki, wutar ba za ta kai matsayin da na'urar za ta farga ba, sai ta ci gaba da kwarara ta cikin ƙafar tarago ɗaya har roba ta narke. Saboda haka na ja manyan wayoyi biyu masu kauri, ja da baƙa, irin masu murabba'in milimita 2.5 da na saba da su a gine-gine, suka bi ƙarƙashin layin tun daga farko har ƙarshe, sannan kowane yanki na dogo, komai gajartarsa, na sauko masa da 'yan wayoyinsa biyu zuwa ga manyan. Na kafa doka ɗaya ban saɓa mata ba: jar waya ta ƙarfen da ke kusa da ni ce, baƙa ta na wajen bango.

Liƙa waɗannan 'yan wayoyi aiki ne mai son hannu mai sauri. Nakan kankare ƙasan ƙarfen har ya yi haske, in ɗiga masa man dalma, in shafa dalma a bakin wayar tun da farko in lanƙwasa shi kaɗan, sannan in haɗa su in taɓa da ƙarfen narkar da dalma mai zafi sosai na ɗan ƙiftawar ido. Ƙarfe mai ɗumi-ɗumi shi ne yake ɓata aiki, domin yana tilasta wa mutum ya daɗe a wurin, zafi ya bi dogon ya narkar da robar da ke riƙe da shi. Idan dalmar ta kwanta sumul tana sheƙi, an dace. Idan ta dunƙule ta yi duhu, sai a sake. Bayan kowane yanki nakan kunna wuta in ɗora ƙwandala a kan ƙarafunan biyu, kuma dole uwar na'ura ta yanke nan take. Duk inda ta yi jinkiri, ban wuce wurin ba sai na ƙara waya. Na kuma raba layin gida uku, tasha da babban layi da ɓoyayyen fili, kowanne da na'urar yanke wutarsa, domin kada kuskuren direba ɗaya ya tsayar da kowa. Duk wayar da na ja na rataya mata lamba, na rubuta a littafi inda ta fito da inda ta nufa.

Mararrabai suna da nasu sha'ani. A tsakiyar kowace mararraba akwai wurin da ƙarfen dama na wani layi yake gittawa da ƙarfen hagu na ɗayan. Wasu kamfanoni suna yin wurin da roba don kauce wa haɗewar wuta, amma ɗan gajeren kan jirgi mai ƙafafu kaɗan yakan mutu a kansa idan yana tafiya a hankali, alhali tafiya a hankali ita ce ƙawar aikin tasha. Na zaɓi masu ƙarfe a tsakiya, na raba wurin da sauran layin da 'yan tsagogi, na ba shi wayarsa ta musamman wadda take canza fuska tare da motsin mararrabar. A ƙarshen ɓoyayyen fili kuma na yi madauki inda jirgi yake juyowa ya dawo ta layin da ya shiga, kuma duk wanda ya bi ƙarfen dama da yatsa a irin wannan madauki zai ga ya dawo ya haɗu da na hagu. Maganinsa shi ne a yanke ƙarafunan biyu a mashiga da mafita, a bar tsakani ya fi jirgi mafi tsawo, a sa na'urar da take juya fuskar wutar yankin da zarar ƙafar farko ta taka tsagar. Abin sha'awa shi ne jirgin ba ya ko gezau, domin dikoda ba ta ɗaukar gaba da baya daga fuskar wutar dogo, tana ɗauka ne daga umarnin da aka ba ta.

Kan jirgin da na fara sa wa dikoda shi ne tsohon nan na ɗana da ya kwana a saman kabad. Sababbin jirage suna zuwa da soket a ciki, mai ƙafa takwas ko 21 ko wani makamancinsa, sai dai kawai a cusa, amma wannan sai da na yi masa tiyata. Na buɗe shi a ƙarƙashin fitila da gilashin ƙara girma, na raba injinsa da gangar jikinsa gaba ɗaya, na auna da mitar gwajin wuta na tabbatar babu wata hanya tsakanin injin da ƙafafun, domin idan akwai, dikodar za ta ƙone tun a kunnawar farko. Launukan wayoyinta ƙa'ida ce da kowa ya yarda da ita: ja da baƙa zuwa ƙafafun da suke shan wuta, ruwan lemo da ruwan toka zuwa injin, fara zuwa fitilar gaba, rawaya zuwa ta baya, shuɗiya kuma ita ce ta tarayyar fitilu. Wayoyin sirara ne ƙwarai, da hantsaki nake riƙe su. Na ɗora shi a kan keɓaɓɓen layin saiti, inda wutar ba ta da ƙarfin yin ɓarna, na nemi na'ura ta karanta adireshinsa. Injin ya ɗan motsa, lamba 3 ta bayyana, wadda ita ce adireshin da kowace sabuwar dikoda take zuwa da shi. Na kira uwargida ta zo ta gani, na danna maɓalli fitilarsa ta kama yana tsaye cik, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ƙera shi.

Daga nan na shiga duniyar saituttukan da ake kira CV, waɗanda 'yan ma'ajiyai ne a cikin dikoda, kowanne da lambarsa da aikinsa. Na farko yana riƙe gajeren adireshi, na 17 da na 18 suna riƙe dogo mai lamba huɗu, wanda ya ba ni damar kiran kowane kan jirgi da lambar da aka rubuta a jikinsa. Na 29 shi ne mai tara zaɓuɓɓuka da yawa wuri guda, kuma nakan sa masa 34, wato dogon adireshi da matakan gudu masu yawa, tare da hana jirgin amsa tsohuwar wuta, saboda kada ya ruɗe ya zabura da kansa idan saƙo ya gurɓata. Waɗanda na fi ƙauna su ne na 3 da na 4, masu sa jirgi ya ɗauki gudu sannu a hankali ya kuma tsaya sannu a hankali, kamar mai jan nauyin ɗaruruwan tan. Na rage iyakar gudun kowane jirgi da na 5, bisa wani lissafi mai sauƙi: jirgin da yake gudun kilomita 87 a awa a zahiri, samfurinsa zai yi kilomita ɗaya ne a awa, kimanin santimita 28 a daƙiƙa. Mafi yawan samfura suna fitowa daga masana'anta da gudun da ya zarce hankali, kuma ba abin da yake mayar da layi mai kyau abin wasa kamar jirgin da yake shiga tasha a guje. Dikodar zamani tana auna wutar da injin da kansa yake mayarwa yayin da yake juyawa, ta gane ko nauyi ya danne shi, ta ƙara masa ƙarfi daidai bukata, shi ya sa kan jirgi yake iya rarrafawa santimita uku a daƙiƙa ya je ya sumbaci tarago ba tare da ya girgiza shi ba.

Jikana, ɗan babbar 'yata, shi ne ya shigo da kwamfuta cikin aikin. Ya tarar da ni ina danna lambobi ɗaya bayan ɗaya ina duba littafi, sai ya ce, "Kaka, akwai manhajar da za ta karanta maka duk wannan ta ajiye." Ya saka mini JMRI, wadda kyauta ce kuma masu sha'awar wannan aiki ne suke rubuta ta, ya haɗa ta da uwar na'ura, ya kuma mayar da wayar hannunsa abin tuƙi. A ranar ne aka fara tuƙa jirage biyu a layina. Shi ya fito da na fasinja daga ɓoyayyen fili, ni ina jera taragun tsakuwa a tasha, kuma da yake layin guda ne, dole ɗayanmu ya kauce. Na ja nawa zuwa wurin kaucewa, na mayar da mararraba, na ce masa hanya ta buɗe. Ya shigo a hankali, ya fara rage gudu tun daga nesa saboda ya riga ya gane cewa jirgin ba ya tsayawa nan take, ya tsaya daidai bakin dandamali. Yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya ya yi awanni a tsaye yana jiran izini kafin ya motsa, ni kuma na koyi tambayarsa abin da ban sani ba na kwamfuta ba tare da jin nauyi ba. Tun daga lokacin duk hutun makaranta a wurinmu yake yin sa, kuma shi ne yake rubuta jadawalin jirage.

Matsala mafi tsanani da na gamu da ita ta zo ne da sauyin yanayi. Wata rana na kunna wuta sai yankin tasha ya yanke nan take, alhali babu abin da aka taɓa. Na kwashe jirage da taragu duka, bai daina ba. Da yake layin a rabe yake gida uku, na san inda zan nema, da taimakon littafin kuma na riƙa cire wayoyi rukuni-rukuni har na ware mararraba guda. Da gilashi na ga abin da ya faru: katako ya bushe ya tsuke, ƙarfe ya miƙe da zafi, tsagar da na bari mai kaurin takarda ta rufe ruf. Na sake yanka ta, na cusa ɗan siririn yankin roba na liƙe da gam na goge shi daidai da ƙarfen, sannan na bi sauran tsagogin layin duka na yi musu haka.

Na sa sauti a kan jirage biyu, masu 'yar lasifika a ciki da suke fitar da rurin inji da ƙarar birki da usur, amma na rage ƙararsu ƙwarai, domin a ra'ayina jirgin da yake can ƙarshen ɗaki bai kamata a ji shi kamar yana gaban mutum ba. Dikoda mai sauti ba ta jure ƙurar dogo, ɗan yankewar wuta kaɗan yana sa ta fara daga farko, don haka na ƙara musu kafasita mai riƙe wuta na ɗan lokaci, na kuma mayar da goge dogo da ƙafafu aikin kowane mako. Ado kuwa, wato tuddai da bishiyoyi da gine-gine, na bar shi a ƙarshe da gangan, kuma ban zuba tsakuwa a kan kowane yanki ba sai da jirage suka daɗe suna bin sa ba tare da tangarɗa ba, saboda abin da aka liƙe da gam ba ya gyaruwa cikin sauƙi.

A halin yanzu rabin layin yana da ado, rabin kuma filawud ne tsirara. Aikin da ke gabanmu shi ne na'urorin da suke gane cewa akwai jirgi a wani yanki ta hanyar auna wutar da ake ja, domin mu riƙa ganin abin da ke cikin ɓoyayyen fili a allon kwamfuta, daga baya kuma mu kafa siginoni masu canza launi da kansu. Hakan yana bukatar a sa wa taragon ƙarshe na kowane jirgi ɗan abin rage wuta a tsakanin ƙafafunsa, saboda na'urar ta san wutsiyar jirgi ba ta fita ba tukuna, kuma yana bukatar a sake rarraba wasu wayoyin ƙarƙashin teburin yanki-yanki. Na riga na zana sabon tsarin a littafi na ware wayoyin da za a yanke, jikana kuma ya ɗauki nauyin ɓangaren manhaja, za mu fara da layukan ɓoye guda biyu na kusa da ƙofa idan ya zo hutu mai zuwa.